Martani: Wa Ke Biyan Cikon Kuɗin Buhun Gawayi?

Kwanakin baya wani marubuci ɗan ƙasar nan ya fitar da maƙala yana kare masu sare itatuwa da masu ƙona gawayi a masarautar Daura, kuma ta samu shiga, domin abin da ake faɗa a majalisun ƙofar gida da rumfunan kasuwar Mai'aduwa ya ɗauko ya yi wa kwalliya. Kafin a taɓa ta, adalci ne a shimfiɗa ta yadda mai ita ya gina ta. Ya ce manomi a Sandamu ko Zango yana da gawo ko ƙirya a gonarsa ta gado, buƙata ta taso masa, ya sayar wa mai gawayi, ciniki ya faɗa, aka sallama. Mai gawayi ya ƙona, ya ɗura a buhu, ya sayar wa mai shayi ko uwargida a cikin gari. Ba a yi sata ba, ba a yi ƙwace ba, kowa ya tafi da abin da ya zo nema. To ina ruwan wanda ba a yi cinikin da shi ba? Ya ƙara da cewa tun da gas da kananzir suka fi ƙarfin talaka, hana shi gawayi daidai yake da hana shi ɗora tukunya. Cewa masana'antun Turai da Amurka ne suka dagula yanayin duniya, don haka rainin hankali ne a ɗora laifin kan gatarin baƙauye. Cewa in ma wani ya cutu, maƙwabta sun san yadda suke sasanta kansu, kuma ranar da icce ya yi wuya farashinsa zai tashi, mutane su dasa da kansu ba sai an yi musu shela ba. Ya rufe da cewa duk dokar da aka kafa a kan itace, ƙofar na goro ce kawai aka buɗe wa malaman daji.

Allah ya gafarta Malam, akwai gaskiya cikin maganar nan, kuma za a ba shi ita duk inda ta faɗo. Amma ginin gaba ɗaya a kan lissafi guda yake tsaye, shi ne cewa mutum biyu ne a cikin cinikin, mai saye da mai sayarwa. Lissafin nan ne bai cika ba. Akwai mutum na uku, wanda bai halarci cinikin ba, ba a nemi yardarsa ba, bai ga ko kwabo ba, amma shi ke biyan ciko. Buhun gawayi yana araha ne saboda wani kaso na tsadarsa an tura shi gonar wani, da garken wani, da daminar da ba ta zo ba tukuna.

Masana tattalin arziki sun daɗe da sanin wannan. Arthur Pigou na Jami'ar Kambirij a Ingila ya zauna a kansa cikin littafin da ya fitar a 1920, inda ya raba tsakanin abin da aiki ke ci wa mai yin sa da abin da yake ci wa jama'a baki ɗaya. Misalinsa da ya shahara shi ne tartsatsin wutar jirgin ƙasa mai amfani da kwal, wanda ke faɗawa dajin da ke gefen dogo ya cinna masa wuta. Kamfanin jirgi ya lissafa kwal da albashi da ƙarfe ya yanke kuɗin tikiti, amma dajin da ya ƙone bai shiga littafinsa ba, tun da ba shi zai biya ba. Pigou ya kuma juya abin ta ɗaya fuskar, ya kawo mai dasa itatuwa, wanda amfanin dashensa ke tsallake iyakar filinsa ya samu waɗanda ba su biya shi komai ba. Abin da ke biyo baya ba sai an je jami'a za a gane shi ba: aikin da ake iya tura ɓarnarsa ga wani, za a yi shi fiye da kima, aikin da amfaninsa ke zube wa wasu kyauta kuma za a yi ƙasa da abin da ake buƙata. Farashi shaida ne mai gaskiya matuƙar maganar Bahaushe ta tabbata, cewa kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Ranar da wani ya ɗebo bakin wani ya ƙone, farashi ya zama mai shaidar zur, kuma a kan shaidarsa Malam yake so a yanke hukunci.

Mu bar Kambirij mu shiga gona. Ƙasar Daura mafi yawanta jigawa ce, rairayi mai saurin tashi, damina kuma gajera. Hadarin farkon damina, wajen Mayu da Yuni, da iska mai ƙarfi daga gabas yake zuwa kafin ɗigon ruwa ya sauka, a daidai lokacin da ƙasa take tsirara, an yi shara, dabbobi sun cinye karan bara. Iskar nan tana kwashe saman ƙasa, wanda shi ke ɗauke da ɗan takin da aka wahala aka kai, tana zane geron da ya tsiro da rairayi ko ta binne shi ɗungum. Wanda wannan ya samu sai ya sake shuka, wani lokaci ya sake sakewa, da irin da zai saya ko ya ranto, kuma duk makon da ya rasa a farkon damina a ƙarshenta zai biya shi, idan ruwa ya ɗauke gero bai ƙosa ba. Abin da ke karya lagon iskar shi ne itatuwa. Masu binciken shingen iska sun daɗe da nuna cewa layin itatuwa yana kare fili mai nisan ninki 10 na tsayinsa ta bayan iska, ko fiye, kuma waɗanda ke warwatse cikin gonaki ma suna rage mata gudu idan sun yi yawa. To gonar wa ke bayan iska? Iska ba ta tsayawa a gamban da aka shuka kan iyaka ta tambayi mai gonar gaba. Na gabas ya sare ya ƙirga kuɗi, na yamma ya koma kasuwa neman iri.

Gawo kuwa sha'aninsa daban ne. Da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya danne shuka da inuwa, da rani ya yi kore shar, ya zubo 'ya'yan da dabbobi ke rayuwa a kansu cikin bazara, lokacin da babu ciyawa ko ta magani. Bafillatanin da ya ratso da garkensa yana cikin masu cin wannan gawo, kashin da shanunsa suka bari a gindinsa kuma taki ne ga mai gona. Matar da ke tsintar ƙirare, da mai daddawar da ke jiran kalwa, da yaran da kanya da magarya ke riƙe musu ciki idan rumbu ya yi ƙasa, duk suna da rabo a itatuwan da ba su suka gada ba. Malam zai ce itace guda me zai rage? Gaskiya ne, guda ba ya rage abin da ido zai gani, kuma a nan masifar take. Kowane mai gatari yana da gaskiya a kan itacensa guda, idan aka tara gaskiyarsu wuri ɗaya sai a ga fako.

Shi gawayi ma cinsa ya fi na icce. A hanyar gargajiya, ta tara gungume a rufe da ƙasa a cinna wuta, sai an ƙona kilo 5 zuwa 10 na icce kafin a sami kilo 1 na gawayi, saura ya tafi a hayaƙi. Kuma mai gawayi ba reshe yake so ba, gangar jiki yake so, ta itace mai tauri irin ƙirya da marke, masu jinkirin girma. A nan ya kamata a ba Malam abin da ya fi wanda ya nema. Binciken da wasu masana suka yi a kan makamashin icce a Kano, cikinsu har da Michael Mortimore, wanda aka buga a 1990, ya gano cewa manoman karkarar da ke kewaye da birnin ba su ƙarar da itatuwan gonakinsu ba duk da cunkoson jama'a. Reshe suke sara su bar uwa, saboda sun san darajarta, icce mai yawa kuma daga nesa ake kawo shi. Ke nan manomi a cikin gonarsa ba shi ne babban maɓarnaci ba. Sai dai wannan bai ceci maƙalar ba, ya ma nuna abin da ta kauce wa. Malam ya zaɓi gonar gado ne don ita ce misali mafi tsafta, alhali saran da ya fi muni yana faruwa ne inda babu mai cewa nawa ne: gandun daji, makiyaya, burtali, bakin rafi, da dazuzzukan da ke kudu da mu waɗanda manyan motoci ke kwaso buhuna daga cikinsu. A can wa ya sallama? Da yardar wa ciniki ya faɗa? Mai shayin Daura da ke hura gawayin da aka ƙona ɗaruruwan kilomita daga nan bai san ƙauyen da aka yi wa ƙwal-kwabo ba, kuma rashin saninsa bai rage wa ƙauyen asara ba.

Mu koma gonar gadon, tun da a nan Malam ya fi jin ƙarfi. Mallaka a wurinmu ba ta taɓa zama lasisin cutar da maƙwabci ba, kuma ba Bature ne ya koya mana haka ba. Kawar da cuta tana cikin manyan ƙa'idojin fiƙihu, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa tun kafin a haifi Pigou, ta kawo misalai ƙarara: an hana mutum huda taga inda zai riƙa hango cikin gidan maƙwabcinsa, an hana shi buɗe ƙofa saitin ƙofarsa, an hana shi haƙa abin da zai cutar da shi ko da a cikin mallakarsa yake haƙan. A lura da wannan na ƙarshe. Fili nasa ne, diga tasa ce, gumi nasa ne, amma shari'a ta ce dakata. Littafin ya kuma ɗora wa masu dabbobi ramuwar shukar da suka ɓata da dare, kuma duk mai karatun Alƙur'ani ya san shari'ar gonar da tumaki suka faɗa wa cikin dare, wadda Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu, amincin Allah ya tabbata a gare su, suka yi hukunci a kanta a Suratul Anbiya. Ko saran itace a gonar mutum ya kai matsayin cutar da alƙali zai hana, wannan fatawa ce, ta malamai ce. Abin da ba ya jiran fatawa shi ne cewa tambayar nan ta ina ruwan wani an amsa ta shekaru dubu da suka wuce. Ko a unguwa, wanda ya juya kwatarsa ta bi gindin katangar maƙwabci ba ya tsira a gaban mai unguwa da cewa gidansa ne.

Hujjar talauci ita ce mafi nauyi, kuma ba a yi mata wasa. Tun daga cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023 da faɗuwar naira da ta biyo baya, gidaje da yawa da suka fara sabawa da gas sun koma murhu, kuma babu mai hankalin da zai ce uwargida ta ba yara ɗanyen gero don a ceci marke. Sai dai wane talakan ake nufi? Mai gatarin da ke kwana a daji shi ke da ƙaramin rabo a buhun, riba tana hannun dillali da mai mota. Mai sayen buhu ɗan gari ne, sau da yawa mai albashi. Mai biyan ciko kuwa shi ne wanda gonarsa ba ta kai shi baɗi, wanda ba shi da kuɗin iri na biyu, da matar da tafiyar neman ƙirare ke ƙara mata nisa kowace shekara. Arahar gawayi tallafi ce da talakan ƙauye ke ba ɗan birni, an cire ta daga aljihunsa ba sallama. Sauran cikon kuma kowa ke biya. Katsina tana cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda Najeriya ta kafa wa hukuma a 2015, kuma a Disamba 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Wannan kuɗi bashi ne. Yaron da ke aji ɗaya a firamare a Ɓaure yana cikin masu biyansa, shi ma ba a gayyace shi wurin ciniki ba.

Maganar Turawa kuwa, a nan Malam ya rushe gininsa da hannunsa. Gaskiya ne Afirka duka ba ta fitar da abin da ya wuce kashi 4 cikin 100 na iskar da ke ɗumama duniya, kuma bincike ya danganta farin shekarun 1970 da 1980 da sauyin zafin tekuna fiye da gatarin kowa. Amma me ake tuhumar Turawan da shi? Sun ƙona kwal ɗin da suka saya da kuɗinsu, a masana'antun da suka gina a filinsu, suka sayar wa masu sayen da suka yarda, mu da ba mu cikin cinikin muka kwashi rabonmu na zafi da ambaliya. Da wannan hujja ƙasashenmu suka je taron sauyin yanayi na Sharm el-Sheikh a Masar a 2022 har aka amince da asusun biyan asara. Idan hujjar kayana ne ina ruwanka ta wanke mai gawayi, ta wanke mai masana'anta a Jamus. Ko mutum na uku yana da haƙƙi ne kawai a ranar da mu ne shi?

Batun sasanci yana da babban malami a bayansa. Ronald Coase, wanda ya karɓi kyautar Nobel a 1991, ya rubuta a 1960 cewa idan an san haƙƙin kowa, kuma zaman sulhu ba shi da tsada, ɓangarori za su daidaita ba sai hukuma ta shiga ba. Misalinsa ma kamar daga ƙasar nan aka ɗauko shi: makiyayi ne da shanunsa ke faɗa wa gonar maƙwabci. Mun san wannan shari'a. A bi sawu, a kira arɗo, dagaci ya tura a ƙiyasta ɓarna, a biya. Tana yiwuwa ne saboda shanu suna barin sawu, mai ɓarna ɗaya ne, mai ƙara ɗaya ne, kuma duk da haka mun ga yadda wani lokaci take ƙarewa da jini. Iska ba ta barin sawu. Manomin da rairayi ya binne wa gero, wa zai kai ƙara cikin ɗimbin mutanen da suka sare itace a gabas da shi shekara da shekaru? Da wa jaririn da za a haifa baɗi zai zauna sulhu? Coase kansa ya yarda cewa inda cuta ta shafi jama'a masu yawa, kamar hayaƙi, wahalar tara su na iya sa doka ta fi ciniki amfani. Haka zancen cewa tsada za ta sa a dasa. Tsadar icce gatari take fara kira, yau-yau, zuwa dajin da ba na kowa ba. Shi dashe sai bayan shekaru zai biya, kuma mai dashen kuɗin icce kawai zai gani, babu mai biyan sa iskar da ya tare wa gonakin yamma. Abin dariya, ba mu musun irin wannan tasiri idan alheri ya kawo. Mai fili kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ko Jami'ar Sufuri da ke Daura, ko inda dogon Kano zuwa Maraɗi ya ratsa, bai ɗora ko bulo ɗaya ba filinsa ya yi daraja, kuma ba a ji ya ce ina ruwansa da aikin wani ba.

A kan malaman daji Malam ya yi gaskiya fiye da yadda ya zata, shaidar kuwa tana tsallaken iyakar Kwangwalam. A Nijar, dokar daji da aka gada daga Faransa ta mai da itatuwa abin hukuma, har manomi na iya shan tara don ya sari abin da ya tsiro a gonarsa. Sai manoma suka riƙa kashe kowane toho tun yana ƙarami, kada ya girma ya jawo musu jami'i. Doka ce aka kafa don kare daji, ta koya wa mutane ƙin itace. Daga 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya mai aikin gona a Maraɗi, ya lura cewa kututturan da ke gonaki suna da rai, abin da suke buƙata kawai a zaɓi 'yan tohon da suka fi ƙarfi a bari, a datse saura. Shi ne sassaben zamani. Da hannun hukuma ya sassauta, manoma suka tabbata cewa itacen da suka raya nasu ne, abin da dokokin 1993 da 2004 suka ƙara wa ƙarfi, sai ƙasa ta canza kama: masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200, kuma gawon Magarya da Matamaye, waɗanda ke iyaka da mu, yana cikin mafi kauri. Malam zai tafa ya ce ai maganarsa ke nan, a bar wa manomi itacensa. Rabinta ce. Ɗaya rabin shi ne a ƙauyuka irin su Ɗan Saga ta yankin Agiye jama'a sun kafa kwamitocin sa ido, da mata da Fulani a ciki, masu cin tarar wanda ya sari itacen wani. Kuma a 1992 Nijar ta kafa kasuwannin icce na ƙauye da haraji hawa-hawa: iccen da aka saro daga dajin da ƙauye ke kula da shi bisa tsari harajinsa kaɗan ne, wanda aka kwaso daga dajin da babu tsari harajinsa ya fi yawa, wani kaso na kuɗin kuma a ƙauyen yake zama. Tsarin bai tsira daga masu zillewa ba, amma ya kama bakin zaren, domin ya sa mai ɓarna ya ji ɓarnarsa a aljihu.

Matsayina ke nan, kuma ban ga abin da ya girgiza shi a maƙalar Malam ba. Haramta gawayi kwata-kwata ba zai hana ƙona shi ba, zai dai ƙara kuɗin goro a shingayen hanya. Barin sa sakaka kuma zalunci ne da aka sanya wa rigar 'yancin ciniki. Abin da ya dace shi ne a mai da cikon kuɗin cikin buhu. A ɗora haraji a kan lodin mota, a ƙyale mai ɗan dami a ka. A bambanta abin da ya fito daga gonar da aka raya da abin da aka wawuro daga gandun daji. Kuɗin ya koma gundumar da aka yi saran, a karanta lissafinsa a ƙofar dagaci kowa yana ji. Manomin da ya raya gawo a rubuta masa cewa nasa ne, ya sari reshe ba sai ya nemi izinin kowa ba, wanda kuma zai kayar da uwa ya nuna tohon da ya bari a madadinta. Masarautar da ke da hakimai da dagatai da masu unguwanni a ƙananan hukumomi 5 ba ta rasa wanda ya san kowane itace da mai shi ba, kuma abin da Elinor Ostrom ta samu Nobel a kansa a 2009 ke nan, cewa jama'a na iya tsare dukiyar tarayya idan su suka tsara ƙa'ida kuma su ke sa ido.

Za a ce buhu zai ƙara tsada. Zai ƙara, kuma da gangan ne. Ana biyan wannan tsada tun tuni a gonakin Zango da Mai'aduwa, za a dai sauke ta ne daga kan wanda bai ci ba a ɗora wa wanda ya ci. Uwargidan da abin zai matsa wa, a rage mata ta hanyar da ba ta cin daji. Murhu mai tsimin icce, irin wanda shirin Tarayyar Turai da Oxfam ya yaɗa tare da sassaben zamani a ƙananan hukumomi 7, biyar ɗin masarautar nan da Dutsi da Mashi, yana rage abin da tukunya ke ci, kuma sassauta farashinsa da kuɗin harajin ya fi ƙarin shinge a kan titi. Gardamar da ta rage ita ce nawa za a ɗora wa lodi, wa zai riƙe rasit, wa zai binciki mai riƙewar. A nan ne shakkun Malam game da jami'ai zai yi wa jama'a aiki, in ya yarda ya shigo da shi.